Ranar da Manaja Ya Koma Takalminsa

Duk wanda ya taɓa aiki a otal ɗin nan ya san Manaja tun kafin ya ga fuskarsa, domin takalminsa ne ke riga shi yin sallama. Baƙin takalmi ne sau-ciki, mai tsinin baki, an buga masa ƙarfe a dunduniya. Idan ya taka tayil ɗin doguwar barandar da ta ratsa tsakanin ɗakunan kwana, sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, har can ɗakin wanki. Manaja yana son takalmin nan so na fitar hankali. Ba ya yarda kowa ya goge masa shi. Da kansa yake zama da safe da buroshi da tsumma, yana shafa mai yana hura masa iska, har sai ya hango gashin bakinsa a jiki.

"Shugabanci ba a baki yake ba, a taku yake," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya sauraro, har da wanda bai tsaya ba. "Ni tun da na zama manaja ban taɓa shiga wuri na tarar da ma'aikacina a zaune ba. Ku je ku tambaya."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa tararwa ba. Dalilin ne kawai bai sani ba. Takalmin nan ya daɗe da zame wa ma'aikata ƙararrawa. Inna mai gyaran ɗakuna takan miƙe a gadon baƙi ta kunna talabijin, da ta jiyo ƙwas daga nesa sai ta kashe, ta diro, ta ja zanin gado ya miƙe, kafin ya iso ƙofa tana durƙushe tana gugar ƙasa har da nishi. Kuku yakan mayar da cinyar kazar da yake ɗanɗanawa cikin tukunya. Mai gadi yakan farka ya ƙame. Kowa yana zaune lafiya, Manaja kuma ya fi kowa.

Ana haka sai tsautsayi ya gitta. Ƙwan fitilar da ke kan allon otal ya mutu, aka kira mai gyaran wuta, ya kafa tsani. Manaja ya tsaya a ƙasa hannu a aljihu, ya ga mutumin yana ta lalube a jaka, haƙuri ya ƙare masa.

"Kai, matsa! Ƙwai ɗaya za ka mai da shi aikin gina gada? Ni nan da kake gani na ja wayar gidanmu kaf tun kana goye."

Ya karɓe ƙwan ya hau. Tsanin ƙarfe ne, dunduniyar takalmi ma ƙarfe, kuma ƙarfe da ƙarfe ba sa riƙon juna. Ya kusa kai wa ga allo sai ƙafar hagu ta zame, ya sauko ba ta hanyar da ya hau ba. Idon sawu ya karye, ƙwauri ya tsage. A asibiti aka yi masa tiyata, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Da ya farfaɗo daga allurar barci bai tambayi matarsa ba, bai tambayi ƙafarsa ba, cewa ya yi, "Ina takalmina?" Daga baya labarin ya sake kama a bakinsa, ya ce da gangan ya diro don kada tsanin ya faɗa wa wata baƙuwa mai goyo. Har yau ba a sami wanda ya ga baƙuwar ba.

Likitar da ta yi masa aiki mace ce marar yawan magana, amma Manaja ya yi maganar su biyu. Kullum ta zo duba shi sai ya kwararo mata kirarin otal ɗinsa, da girman zauren taro, da sanyin na'ura, da ladabin ma'aikata. Ko don ta huta ne ko don ta gamsu, oho, ta dai yi alkawarin za ta zo da abokan aikinta su ga zauren, tun da ƙungiyarsu ta likitocin ƙashi tana neman wurin taro. Ranar da ta sallame shi daga zuwa asibiti, ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa.

"Ƙashi ya haɗe, amma kumburi bai gama sacewa ba," in ji ta. "Takalmi mai faɗi, mai laushi. Wancan mai tsinin da aka kawo ka da shi, kada na ko ji labarinsa."

"Haba Likita, ai tuni na ba da shi sadaka."

Takalmin kuwa yana ƙarƙashin gado a cikin kwalinsa, an lulluɓe shi da sabon tawul.

Haka Manaja ya koma aiki da wani takalmin soso mai faɗi kamar kwale-kwale, wanda ko kan busasshen ganye ya taka ba ya ƙara. A bakin ƙofa ya tarar da mai gadi ya saki baki yana minshari. Ya shiga baranda, ya tura ƙofar wani ɗaki, sai ga Inna a kan gadon baƙi, ta jera filo a bayanta, tana yi wa wani ɗan wasa a talabijin faɗa. A kicin ya sami Kuku da cinyar kaza a baki, wata a hannu tana jiran layi. Da ya kai ofishinsa kuwa, Mataimakinsa ne a kan kujerarsa mai juyawa, ya ɗora ƙafafu a tebur, har ya sauke hoton Manaja daga bango ya rataye kalanda.

Manaja ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Faɗan ya kai kunnen Hajiya mai otal, wadda ba ta cika zuwa ba amma ba abin da ke wuce ta. Ta kira su biyu, shi da Mataimaki.

"Ni ba na son hayaniya," ta ce. "Mataimaki ya riƙe wurin nan da ba ka nan, kuma gini bai rushe ba. Ranar da likitocinka za su zo duba zaure zan zo ni ma, na ga yadda kake tafiyar da aiki da wannan ƙafar. A ranar zan faɗi mai kujera."

Mataimaki ya sunkuyar da kai irin na masu ladabi, amma Manaja ya ga gefen bakinsa yana motsi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don kujerar nan ita ce duk abin da yake taƙama da shi a duniya bayan takalmin. Ya fito yana kallon ƙafafunsa, nan take ya gano bakin zaren, a ganinsa. Soson nan ne ya zubar masa da kwarjini. Wa zai ji tsoron mutumin da ke tafiya kamar kyanwa?

Ya tara ma'aikata a kicin ya yi musu albishir. "Ranar da baƙi za su zo, da takalmina zan shigo. Za ku ga Manajan da kuka sani."

Bai taɓa faɗin maganar da ta sami karɓuwa haka ba.

"Alhamdu lillahi!" in ji Kuku, har da ɗaga hannu sama. "Wallahi Oga, tun da ka dawo da soson nan gabana ke faɗuwa. Ko abinci ba na iya ci cikin natsuwa."

"Mu dai takalmin nan muke kewa, ranka ya daɗe," in ji Inna. "In ba mu ji shi ba sai mu rasa inda muke."

Manaja ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Ashe haka mutanen nan suke ƙaunarsa.

A gida ya jawo kwali, ya yaye tawul. Ƙafar dama ta shige sumul kamar jiya ta fita. Ta hagu kuwa yatsu ne kawai suka leƙa suka tsaya. Ya tura, ya murɗa, ya taka, ya yi nishi. Matarsa, wadda ta sha wahalar jinyarsa tun daga ɗaukar fo har ɗauko masa sandunan dogarawa, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, me nake gani haka?"

"Gwaji nake yi."

"Ƙafar da aka ɗinke da ƙyar ita za ka cusa a wannan bututun?"

"Ke ba ki san fata ba. Fata mai rai ce, miƙewa take yi."

"Taka ko ta takalmin?"

Washegari ya kai kuka wurin ma'aikata, su kuwa kowa ya zama gwanin takalmi. Kuku ya ce ai abu mai sauƙi ne, a cika shi da busasshen wake a zuba ruwa, in waken ya kumbura zai buɗa fatar da kansa. Manaja ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Ya koma gida ya kwashi waken matarsa ya ɗura har baki, ya danna da muciya don ya kai can cikin tsinin, ya tuttula ruwa, ya ajiye a bayan ƙofa.

Da gari ya waye takalmin ya yi tulu kamar kwaɗon da ya ƙoshi. Wake ya yi ambaliya ya bazu a tsakar ɗaki, ga wani tsami da ya cika gidan. Matarsa ta tako shi da ƙafa ba takalmi, ta yi salati.

"Waken da na ajiye don yara shi ka dafa wa takalmi?"

"Ba dafawa na yi ba, jiƙawa na yi. Kimiyya ce."

"To Allah Ya sa kimiyyar ta iya shara, don ni ba zan taɓa ba."

Ya zazzage abin da ya zazzagu, ya gwada. Ƙafa ta shiga har rabi, dunduniya tana waje tana shan iska. Ya ce an ci rabin yaƙi.

Sauran rabin Inna ce ta kawo dabararsa. A ɗaura ruwa a leda, a tura cikin takalmi, a sa a firiza, in ruwan ya zama ƙanƙara zai bankaɗe shi. Firij ɗin gidan Manaja ba ya ƙanƙara, amma matar maƙwabcinsa Direba tana da ƙatuwar firiza a zaure, tana sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara. Da ya roƙa da an ba shi wuri, ko da dariya za a yi masa. Amma manaja guda ba ya roƙon wurin ajiye takalmi. Ya faki ido da rana tsaka, ya ɗaga murfi, ya binne takalmin a ƙarƙashin ledojin ruwa, ya fice yana fito.

Da la'asar wata mata ta zo sayen ƙanƙara. Matar Direba ta zura hannu can ƙasa don ta zaɓo mata mai ƙarfi, sai ta jawo baƙin takalmi ƙafa ɗaya, ya yi fari da raɓa, ga ƙullin leda a cikinsa. Ta yi jifa da shi ta kurma ihu.

"Wayyo Allah, an yi mini asiri! An binne mini takalmi a sana'a!"

Kafin ka ce me, zaure ya cika. Wata ta ce ƙafar hagu ce, kuma ta hagu ta fi muni. Wani ya ce kada a taɓa da hannu. Wata tsohuwa ta ce dama ta lura kwanan nan ruwan ba ya daɗi. Direba ya zo da filaya ya ɗaga takalmin sama yana juya shi, sai ya ga ƙarfen dunduniya. Duk layin babu wanda bai san ƙarfen nan ba, don ya sha tashin jarirai daga barci. Ya nufi gidan Manaja, jama'a na biye da shi.

"Manaja, fito ka ga ɗanka, mun tsinto shi yana jin sanyi."

Manaja ya fito ya sha mur. "A hankali da filayar nan, za ka kwarzane shi."

"Au, abin da ya dame ka ke nan? Me takalminka yake yi a cikin ruwan da mutane ke sha?"

"A leda ruwan yake, shi ma takalmin a goge yake. Ya fi hannun wasu tsabta."

"Warin wake yake yi!" in ji matar Direba.

"Wake ai abinci ne."

Sai da matar Manaja ta fito ta ba da haƙuri, ta yi alkawarin wanke firiza da hannunta, kafin taron ya watse. Ta juyo ta watsa wa mijinta harara. Shi kuwa yana can yana tura hannu cikin takalmi yana murmushi. Ƙanƙara ta yi aiki, fata ta buɗe. Ɗinkin gefe ma ya buɗe haƙora, amma wannan bai tsaya dubawa ba.

Ranar zuwan baƙi ya tashi da sassafe. Ya tsoma ƙafar hagu a bokitin ƙanƙara har ta mutu, ya tsame, ya kwashi man shafawar matarsa ya lafta mata tun daga yatsu har ƙwauri, ya zura ta a leda don ta yi santsi. Ya aika aka kira Direba, wanda ya zo da gudu, ba don zumunci ba sai don kada a ba shi labari. Manaja ya zauna a kujera ya kafa cokalin miya a dunduniya, Direba ya durƙusa ya rungumi takalmi yana turawa.

"Tura!"

"Ina turawa! Ka saki yatsun mana!"

"Ba na jin su, yaya zan sake su?"

Cokali ya lanƙwashe. Aka kawo ludayi. Direba ya kafa ƙafa a bango ya yi wata irin ƙara kamar yana tura mota a yashi, sai ji kake fut, ƙafa ta shige. Manaja ya miƙe ya taka siminti, ƙwas. Ya lumshe ido, ya ji duniya ta dawo daidai.

Matarsa tana tsaye da lanƙwasasshen cokali a hannu. "Likitar da ka ce wa ka ba da shi sadaka fa? Ba ita za ka tara ba?"

"A asibiti ita ke da iko, a otal ni ne. Kuma zan saki wando ya rufe."

"Ƙarar fa, wando zai rufe ta?"

"Ke dai ki yi mini addu'a."

"Ita nake yi. Allah Ya dawo mini da kai da ƙafa biyu."

A otal ma'aikata suka tare shi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Mai gadi ya sara masa, Inna ta yi guɗa. Kansa ya ƙara girma, ya ba da umarni a sake goge tayil ɗin wurin karɓar baƙi da man ƙyalli, ya ce yana so likitoci su ga fuskarsu a ƙasa. Aka goge har ƙuda ba zai iya tsayawa ba.

Baƙi suka yi jinkiri, ƙafa kuma ta fara farfaɗowa daga sanyi. Da farko ɗumi ya ji, sai zugi, sai ta shiga bugawa kamar zuciya ta koma can. Ga wasu abubuwa masu tauri a can cikin tsinin suna sukar babban yatsa. Gumi ya keto masa. Ya gwada zagaya baranda don ya nuna kansa, amma takun ya canja, dama ta ce ƙwas, hagu ta ce shuu.

Mataimaki ya matso da fuskar tausayi. "Yallabai, ko na kawo maka kujera? Ko ka shiga ciki ka huta, ni na tari baƙin?"

"Ka ga alamar gajiya a jikina?"

"A'a, na dai ga kana cizon leɓe."

"Tunani nake yi. Koma bakin aikinka."

Sai ga motoci sun tsaya. Hajiya ta shigo, Likita na gefenta, wasu likitoci maza da mata suna biye. Manaja ya gyara wuyan riga, ya haɗiye azaba, ya taho. Zafin ƙafa ya riga ya narkar da man shafawa, leda ta fashe, mai yana tsiyaya ta ɗinkin da ya buɗe. Duk inda hagu ta sauka sai ta bar tambari mai sheƙi.

"Barkanku da zuwa otal ɗin da babu na biyunsa," ya fara, hannu a buɗe. "A nan, ranku ya daɗe, komai a kan tsari yake tafiya."

Likita ba fuskarsa take kallo ba. "Manaja, wanda ka ba sadakar ne ya dawo maka da shi?"

"Wannan wani ne, Likita. Kama ce kawai."

"Ƙafar ma wata ce? Don wadda na yi wa aiki ba ta kai wannan girma ba."

"Wando ne ya sa kike ganin haka. Bismillah, ku biyo ni ku ga zaure."

Ya juya da ƙarfi irin juyin soja, don ya nuna wa Hajiya ƙafa garau take. Ƙarfen dunduniya ya sauka daidai kan man da ya zubar, a kan tayil ɗin da shi ya sa aka goge. Ƙafar hagu ta yi gabas, ta dama ta ce ba da ita ba. Ya kai hannu neman abin riƙo, ya cafki keken ɗaukar jakunkunan baƙi, ya faɗa kansa rub da ciki, keke kuma ya ɗauki hanya.

Mataimaki ya ga dama ta samu ya nuna jarumta a gaban Hajiya. Ya daka tsalle ya tare hanya yana cewa "Na riƙe, na riƙe!" Ya taka sawun mai, ƙafafunsa suka tashi sama, ya zauna daɓas, keke ya wuce ta gefensa ya tafi da hularsa. A daidai lokacin Kuku ya turo ƙofar ɗakin cin abinci da faranti cike da kofunan lemo. Keke ya ɗauke shi shi ma. Su biyu da faranti suka ƙarasa cikin tukunyar fulawar da ke kusurwa, aka ji rugum, sai wuri ya yi tsit, in ban da kofi ɗaya da ke ta gangarawa.

"Da gangan na yi," in ji Manaja daga ƙarƙashin ganye. "Ina nuna muku ƙarfin keken ne."

Likita ta riga ta durƙusa ta kama ƙafar. Ta ja takalmi, Manaja ya yi ƙarar da ta fito da mai wanki daga bayan gini. Wani ƙaton likita ya gwada, ko gezau. Ƙafa ta cika takalmi ta tumbatsa ta sama.

"A kawo almakashi," in ji Likita.

"Likita, don girman Allah! Ki yanke wandon, ki bar takalmin!"

"Ko na yanka takalmi yau, ko na yanka ƙafa wani satin. Zaɓi."

Ya tsaya yana tunani, har sai da Hajiya ta ce, "Au, shawara kake yi?"

Aka kawo almakashin yanka kaza daga kicin. Likitoci suka kewaye shi, ma'aikata suka leƙo ta bayansu, baƙin da ke ɗakuna suka fito baranda. Likita ta tsarge takalmin tun daga baki har tsini, Manaja ya kau da kai don ba zai iya kallo ba. Ƙafa ta fito a kumbure, tana naɗe da yagaggiyar leda, tana ɗigar mai. Da aka kifa takalmin sai ga wake ya zubo, har ya fara tsiro.

"Ikon Allah," in ji ƙaton likitan. "Noma ma ana yi a ciki."

Likita ta lallatsa ƙwauri da idon sawu, ta juya ƙafar hagu da dama. "Ka ci sa'a, ƙarfen da na sa ya fi ka hankali, yana nan inda na bar shi." Ta dubi abokan aikinta. "Ina ganin otal ɗin nan zai yi mana. Ga aiki ma a bakin ƙofa."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a kansa. "Manaja, da girmanka, me ya kai ka?"

Ya gyara zama a cikin ƙasar fulawa, ya tattaro sauran mutuncinsa. "Ranki ya daɗe, don aikinki na yi. Tun da na sa soson nan ma'aikata suka raina ni. Na kama mai barci, na kama mai kallon talabijin a gadon baƙi, na kama mai cin kaza, na kama mai ɗora ƙafa a teburina."

"Da kana sa wannan mai ƙarar fa, wa ka taɓa kamawa?"

"Ko mutum ɗaya!" ya faɗa da alfahari. "Kullum a bakin aiki nake samun su."

Hajiya ta juya a hankali ta dubi ma'aikata. Kuku ya shiga tsince fasassun kofuna da himma. Inna ta ga wani abu a silin da ya ɗauke mata hankali. Mai gadi ya tuna ya bar ƙofa a buɗe. Sai dariya ta ƙwace wa Hajiya, likitoci suka kama, har baƙin baranda. Manaja yana ta dube-dube yana neman abin dariyar.

"Kujera taka ce," in ji Hajiya tana share hawaye. "Kai ka kawo mana likitoci, kuma wancan da ke zaune a ƙasa ko keke bai iya tarewa ba. Amma da sharaɗi. Daga yau soson nan ne takalmin aikinka. Ranar da na ji ƙwas daga ƙafarka a otal ɗin nan, ranar za ka miƙa makulli."

Manaja ya dubi gawar takalminsa, ya dubi Mataimaki da ke tashi da ƙyar yana dafe da baya, ya ce ya amince. Ma'aikata kuwa fuskarsu ta yi kamar an yi musu mutuwa.

Bayan 'yan kwanaki, da kumburi ya sace ya koma aiki, sai ya dawo gida da yamma baki har kunne, yana dogara wata sanda mai kyau, baƙa wuluk, mai lanƙwasasshen kai.

"Uwargida, zo ki ga abin arziki. Ma'aikatana ne suka haɗu suka yi mini kyauta, wai don kada na ƙara zamewa. Inna har da kuka, ta ce kada na taka ko'ina a otal ba tare da ita ba. Ke da kike cewa ba a ganin girmana."

Matarsa ta karɓi sandar ta juya ta. A gindinta, inda ake sa roba, an buga wani ƙaton ƙarfe sabo fil. Ta ɗan buga shi a siminti, ya ce ƙwas.

"Lallai kam," ta ce. "Mutanen nan ba sa so ka ɓace musu."

"Ai ƙauna ke nan," in ji Manaja.

Washegari da hantsi ya shiga doguwar baranda, soso a ƙafa, sanda a hannu, ƙirji a gaba. A ɗakin ƙarshe Inna ta jiyo shi tun daga nesa. Ta yi miƙa, ta bari ɗan wasan ya ƙarasa maganarsa, sannan ta kashe talabijin.